Mai Jan Kunne: Yadda Kififiyar Amurka Ta Gaje Tafkunan Japan

A shekarar 1857 mai zanen nan na Japan, Utagawa Hiroshige, ya fitar da wani hoto cikin jerin zane-zanensa na shahararrun wurare 100 na birnin Edo, wato Tokyo ta yau. Abin da ido ke fara cin karo da shi a hoton kififiya ce a rataye. An ɗaura mata igiya a tsakiyar jiki, an saƙale igiyar a mariƙin wani bokitin katako, ƙafafunta na lilo a iska, ta miƙa wuya tana kallon kogi. Can nesa ga dutsen Fuji. Wurin kuwa gadar Mannen ce da ke unguwar Fukagawa. Mannen na nufin shekara 10,000, kuma a faɗar mutanen ƙasar, shekarun da kififiya ke yi a duniya ke nan.

Ba don miya aka rataye ta ba. Haja ce ta masu neman lada. Akwai wata tsohuwar al'ada a Japan da ta samo tushe daga addinin Buddha, ana ce mata hojo-e: mutum ya sayi rai da ke tsare, tsuntsu ne ko kifi ko kififiya, ya sake shi. Masu sayarwa sukan kasa hajarsu a bakin gada, mai wucewa ya biya 'yan kuɗi, a kwance igiya, a jefa ta ruwa. Masu tsegumi sun ce in yamma ta yi, mai hajar kan gangara ƙarƙashin gada ya sake kamo kayansa don cinikin gobe. Ko ya kamo ko bai kamo ba, wadda aka saka 'yar ruwan ce. Gida ta koma.

Wanda ya tsaya yau a kan gada a Tokyo ko Osaka ya leƙa ruwa, ba zai rasa ganin kififiya ba. Zai gan su jere a kan gungume ko dutse suna shan hantsi, wata ma ta hau bayan wata. In ya ƙura ido, zai ga akasarinsu suna da jan zane a gefen kai, daidai bayan ido. Wannan ba ta cikin waɗanda Hiroshige ya sani. Asalinta kwarin kogin Misisipi ne a kudancin ƙasar Amurka har zuwa arewa maso gabashin Meziko. Masana na ce mata Trachemys scripta elegans, Amurkawa kuma sun laƙaba mata suna daga abu biyu: jan zanen nan, da yadda take sulalewa cikin ruwa da zarar ta ji motsi. A Hausa sai a ce mai jan kunne. Sunan ya zauna ta fuska biyu, domin an sha jan kunnen mutane a kanta, ba su ji ba.

Tafiyarta ta faro ne daga kantin kayan wasa. Ɗan kififiyar nan in ya fito daga ƙwai bai fi santimita 3 ba, kamar faɗin kwabo, kore shar, da zanen rawaya a wuya da ƙafafu kamar an yi masa da alƙalami. Tun kafin yaƙin duniya na biyu ake sayar da irinsa a wuraren baje koli a Amurka, wani lokaci har a shafa masa fenti a baya a rubuta sunan gari. Bayan yaƙin sai ya shiga kantunan kayan araha, a haɗa wa yaro da wani ɗan kwanon roba mai tsibiri a tsakiya da bishiyar dabino ta roba. Kuɗin duka bai taka kara ya karya ba.

Da kamun daji ya kasa ƙosar da kasuwa, sai mutanen jihar Luwiziyana suka mai da abin noma. Gonar kififiya ba ta da wani sarƙaƙiya. A haƙa tafki, a kewaye shi da shinge, a bar ƙasa mai laushi a gefe, a zuba manyan da aka kamo daga fadamu dubbai. In lokacin ƙwai ya zo, mata su fito su tona rami su zuba, ma'aikata su bi sawu da safe su tone, a wanke, a jera a ɗakin ɗumi. Bayan kamar wata 2 sai ƙyanƙyasa. Abin da ya sa sana'ar ta yi riba shi ne ɗan da ya fito yana ɗauke da ragowar gwaiduwa a cikinsa, yana iya makonni bai ci komai ba. Ba ya kuka, ba ya buƙatar uwa, ana iya cusa ɗaruruwa a kwali ɗaya a aika ko'ina. A farkon shekarun 1970 ana ƙiyasin 'ya'yan kififiya wajen miliyan 15 ke shiga kasuwar Amurka duk shekara. Yawancinsu ba sa ganin zagayowar shekara a cikin kwanon nan na roba, abin da bai dami ɗan kasuwa ba, tunda uba zai dawo ya sayi wani.

Sai likitoci suka fara lura da wani abu. Yara na zuwa asibiti da zawo da zazzaɓi, in an bi diddigi a tarar akwai kwanon kififiya a gidan. Ƙwayar cutar salmonela na zaune a hanjin dabbobi masu jan ciki ba tare da ta cutar da su ba, a tafkin gona kuma, inda dubbai ke kashi a ruwa ɗaya, har ƙwai takan shiga. Yaro ya taɓa ruwan kwano ya sa hannu a baki, ko ma ya jefa dabbar kanta a baki, ko uwa ta wanke kwanon a inda take wanke kwanukan abinci. Ƙiyasin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka a lokacin ya nuna mutum kusan 280,000 ke kamuwa ta wannan hanya duk shekara, wato kamar kashi 14 cikin 100 na duk masu cutar a ƙasar. A 1975 hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta haramta sayar da duk kififiyar da ƙoƙon bayanta bai kai inci 4 ba, kimanin santimita 10. An zaɓi wannan awon ne don wadda ta kai haka ba ta shiga bakin yaro.

Amma dokar ta bar ƙofa ɗaya a buɗe: ba ta hana fitarwa zuwa ƙasashen waje ba. Gonaki da yawa sun rufe, waɗanda suka rage suka juya akalarsu ga filin jirgin sama. Abin da aka ga bai dace da bakin ɗan Ba'amurke ba sai aka yi ta loda shi zuwa Faransa, Italiya, Sifaniya, Koriya ta Kudu, Hong Kong da Japan. Tsakanin 1989 da 1997 kaɗai an fitar da mai jan kunne sama da miliyan 52 daga Amurka. Shekarun nan sun zo daidai da tashen wasu jaruman zanen barkwanci, kififiya huɗu masu faɗan ninja da Kevin Eastman da Peter Laird suka ƙirƙira a 1984, aka mai da su shirin talabijin a 1987 da fim a 1990. Yaran Turai suka tasa iyayensu gaba.

Japan ba ta jira wannan tashe ba. Tun ƙarshen shekarun 1950 aka fara shigo da ita, aka sa mata suna midorigame, koriyar kififiya. Ta tarar da kasuwa a shirye, domin da ma yaran ƙasar sun saba sayen 'ya'yan kififiyar gida, waɗanda ake kira zenigame saboda kamarsu da tsabar kuɗi. Baƙuwar ta fi su kyan launi, ta fi su araha, kuma ba ta yankewa. A 1966 kamfanin alewa na Morinaga ya yi gasar da kyautarta 'ya'yan koriyar kififiya ne, ana tallarsu da sunan 'yan kogin Amazon. A tsakiyar shekarun 1990 ana shigo da kusan miliyan 1 duk shekara.

Inda ta fi shiga hannun yara shi ne rumfunan bukukuwan bazara, waɗanda ake kafawa a hanyar shiga wuraren ibada. Mai rumfa yana da faffaɗan baho mai ruwa kaɗan, ciki 'yan kore-kore na ta iyo suna hawa kan juna. Yaro ya biya, a miƙa masa ɗan ludayin takarda, ko na wata busasshiyar waina da ke narkewa da ta sha ruwa. Gwaninta ita ce ya kwaso ɗaya kafin ludayin ya yage. In ya dace, a zuba masa a leda da ɗan ruwa, a ƙulle, ya rataya a yatsa ya tafi gida yana murna. Sunan wasan kame-sukui, kwasar kififiya. Mai rumfa ba ya faɗa wa uwar yaron cewa abin da ke cikin ledar, in ya rayu, zai iya kai shekara 30 ko 40, ko cewa macen tana iya kai santimita 28, faɗin faranti. Ita ma ba ta tambaya.

Bayan 'yan shekaru koren ya dushe ya koma launin laka. Kwano ya yi kaɗan, an sayi baho, baho ya yi kaɗan. Ruwa na wari kwana biyu da canzawa, ga cizo in an kai hannu. Yaron ya girma ya tafi jami'a, an bar iyaye da jidali a gidan da ko wurin shanya da ƙyar ake samu. Kashe ta kuwa ba ya cikin lissafi. Kowane yaro a Japan ya tashi da tatsuniyar Urashima Taro, masuncin da ya ceci kififiya daga hannun yara masu azabtar da ita, ta saka masa da kai shi fadar da ke ƙarƙashin teku. Saboda haka sai a sa ta a bokiti da daddare, a nufi tafkin unguwa ko ramin da ya kewaye tsohuwar fada. Mai sakin yana ganin ya yi abin da kakanninsa suka yi a gadar Mannen. Lokacin da labarin salmonela ya iso Japan a 1975, mutane da yawa sun yi wannan tafiyar dare a lokaci guda.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Wannan baƙuwar rana ta fito ba ta bushe ba.

'Yar garin ita ce ishigame, kififiyar dutse, wadda ba a samunta ko'ina a duniya sai a tsibiran Honshu, Shikoku da Kyushu. Bayanta ruwan ƙasa ne mai sirkin rawaya, ƙarshensa da tsaga-tsaga kamar haƙoran zarto. Macen takan kai santimita 20, namijin bai kai haka ba. Tana son rafi mai tsabta da gonakin shinkafa na gindin tsauni, ƙwanta kaɗan ne, kuma ba ta da rigima. Mai jan kunne ta fi ta girma, ta fi ta yawan ƙwai, tana zubawa sau biyu ko uku a shekara, tana cin duk abin da ta samu daga ganye zuwa kifi zuwa mushe, kuma ruwan kwata bai dame ta ba.

Abin da suke takara a kai ba abinci kaɗai ba ne, har da rana. Kififiya ba ta da ɗumin jiki na kanta. Sai ta hau wani abu ta sha hantsi kafin abinci ya narke a cikinta, kafin ƙwai ya ƙosa, kafin bayanta ya bushe ya kashe gansakuka da matsattsaku. A tafkin da gungume ɗaya ne mai kyau, wanda ya riga hawa kuma ya fi ƙarfin ture shi ne mai wuri. Wasu masana biyu na Faransa, Antoine Cadi da Pierre Joly, sun gwada wannan a tafkunan gwaji, suka haɗa mai jan kunne da kififiyar Turai, Emys orbicularis. Sakamakon da suka buga a 2003 da 2004 ya nuna 'yar gida na barin wuraren shan rana masu kyau ga baƙuwa, tana ramewa, kuma mutuwa ta fi yawa a cikinsu in an haɗa su. Ba a ga wani faɗa na a zo a gani ba. Ja da baya kawai take yi, har ta ƙare. A Amurka kanta, a jihar Kalifoniya wadda ba mahaifar mai jan kunne ba ce, masu bincike sun tsame guda 177 daga rafin da ya ratsa harabar jami'a a garin Davis a 2011. Da aka sake awo, sai aka ga kififiyar yankin ta yi ƙiba.

A Japan alƙaluma sun faɗi nasu. Ƙungiyar kare muhalli ta ƙasar ta sa jama'a ƙirgar duk kififiyar da suka gani a 2013: kashi 64 cikin 100 mai jan kunne ce, ishigame kuwa wajen kashi 9. A 2016 ma'aikatar muhalli ta ƙiyasta akwai kimanin miliyan 8 a koguna da tafkunan ƙasar.

Waɗanda suka fara ɗaga murya da ƙarfi ba masana ba ne, manoma ne. A yankin Naruto na lardin Tokushima ana noman wani irin bado da ake cin saiwarsa, renkon, mai huji-huji in an yanka. Mai jan kunne takan bi sabon tofo ta datse tun bai fito saman ruwa ba. A garin Sasayama na lardin Hyogo, furen badon da ya rufe ramin tsohuwar fada, wanda mutane ke zuwa kallo duk bazara, ya ɓace ɗungurungum. Sai da aka shafe shekaru ana dasa tarko ana kwashe kififiya kafin ya dawo. A Kobe, gidan kifaye na Suma ya buɗe wani tafki na musamman a 2010 don karɓar waɗanda aka kamo, bai daɗe ba ya cika.

Sai dai adalci bai yarda a ɗora wa baƙuwar laifin duka ba. Kafin ta yi yawa an riga an shafe gaɓar koguna da magudanan gonaki da siminti, ishigame ta rasa inda za ta hau ta tona rami, in ta faɗa magudana mai santsi kuma ba fita. Ga wata dabbar Amurka mai zoben baƙi a ido da zane a jela, araiguma a bakin Japanawa, wadda aka yi ta shigowa da ita bayan wani shirin yara na talabijin na 1977 ya sa ta yi farin jini; ita ma an sake ta daji, tana bin rafi tana cinye ƙafafun ishigame. Ga masu kamawa suna fitarwa zuwa kasuwar masu kiwon sha'awa a Sin, har sai da aka sa ta cikin jerin dabbobin da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido a 2013. Abin dariya ma, kififiya ta biyu a yawa a ƙirgar nan, kusagame, wadda aka daɗe ana ɗauka 'yar gida ce, binciken ƙwayoyin halitta da tsofaffin littattafai ya nuna alamar ita ma shigo da ita aka yi daga Koriya da Sin ƙarnuka kaɗan da suka wuce. Ita kam har barbara take yi da ishigame, jini na gaurayewa. A wurare da dama mai jan kunne ta tarar da gida ne an riga an karya ƙofa.

Turai ta riga Japan ɗaukar mataki, ta kuma riga ta gane cewa ɗan kasuwa ya fi doka sauri. A 1997 Tarayyar Turai ta hana shigo da mai jan kunne. 'Yan kasuwa suka koma kan 'yar uwarta mai rawayan ciki, wadda dokar ba ta ambata ba, da wasu ire-iren na Amurka. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Sai a 2016 aka haɗa mai jan kunne da 'yar uwarta mai rawayan ciki cikin jerin baƙin halittu masu ɓarna. A tashar jirgin ƙasa ta Atocha da ke Madrid akwai wani lambu a cikin ginin wanda a da yake da ɗan tafki, inda matafiya suka mai da wurin yar da kififiya. A 2018 aka kwashe kusan 300 aka kai su wata cibiyar dabbobi a wajen birni.

Ga gwamnatin Japan abin ya zama ƙadangaren bakin tulu. Dokar baƙin halittu da ta fara aiki a 2005 tana haramta ajiye duk dabbar da aka sa a jerinta sai da izini. Kowa ya san mai jan kunne ta cancanci shiga, tunda tana cikin halittu 100 mafi ɓarna a jerin ƙungiyar kare muhalli ta duniya, IUCN. Amma gidaje fiye da miliyan 1 na da ita a baho. In aka wayi gari aka ce ajiye ta laifi ne, a daren nan za a ji tsulum-tsulum a kowane tafki. Sai aka ƙyale ta, jirage suka ci gaba da sauke kwalaye, ko da yake yawan ya yi ta raguwa.

An ɗauki shekara 18 kafin a sami dabarar fitar da ƙadangaren ba a fasa tulu ba. Aka yi wa dokar kwaskwarima, aka ƙirƙiro wani rukuni na musamman, aka sa mai jan kunne a ciki tare da wata jar halittar ruwa 'yar Amurka mai kama da ƙaguwa da yara ke son kamawa. Daga 1 ga Yuni 2023 an hana shigowa da ita, an hana saye da sayarwa, an hana saki. Wanda ya saka yana iya fuskantar ɗaurin da ya kai shekara 3 ko tarar da ta kai yen miliyan 3. Wanda yake da ita a gida kuwa ba ya buƙatar takardar kowa, ya ci gaba da riƙo, ko ya ba wani kyauta in ya sami mai karɓa. Ko wadda ta tsere da kanta saboda sakacin mai ita tana iya jawo masa tuhuma, shi ya sa ma'aikatar ke ta kiran mutane su sa wa baho murfi mai nauyi, domin dabbar ta iya hawa fiye da yadda ake zato.

Rumfar kame-sukui ba ta da midorigame yanzu. Waɗanda aka kwasa da ludayin takarda a bukukuwan ƙarshe kafin dokar suna nan a bahon roba a barandar gidaje, sun fara dushewa daga kore zuwa launin laka. In an kula da su, wasunsu za su kai shekarar 2060, lokacin da yaran da suka kwaso su za su haura shekara 40.